Padawa, Mai Facin Hanyar Ago-Are

Kafin masu agidi su gama jera kayansu a bakin hanyar Ago-Are, Baba Tiyamiyu ya riga ya buɗe rumfarsa. Sauran masu faci injin iska suke fara tayarwa, don duk garejin Saki ya ji sun fito. Shi tsintsiya yake fara ɗauka. Zai share filin gaban rumfar tas, ya tsince duk wata ƙusa ko guntun waya da ƙafa ta kawo, domin a wurinsa babu abin kunya kamar mutum ya zo a cire masa ƙusa ya tafi da wata. Daga nan ya zubar da ruwan jiya na bahon da yake tsoma roba don neman huji, ya cika shi da sabo, ya goge sifanoninsa ya jera a kan buhu, ya maƙale guntun alli a bayan kunne. Can sai ka hango yayansa, Baba Busari, tafe yana jan ƙafar hagu, allon dara a hammata. Zai zauna a kan tsohuwar tayar tirela da ta zama kujerarsa, ya ce, "Likitan ƙafar mota, an tashi lafiya? Tawa ƙafar fa, yau ma babu faci?" Baba Tiyamiyu ya rusuna ya gaishe shi, aiki ya fara.

Haka muka saba gani shekara arba'in da ɗaya, mu da ke bin hanyar nan. Ran Asabar da ta wuce ya ajiye sifana, ya bar wa babbar 'yarsa Silifa rumfar. A garin nan mun iya yabo, amma sai ga mai babbar riga. Mutum ya haƙa rijiya ɗaya, sai a kira makaɗa a yini ana zuga shi. To yau na mai faci za a yi, wanda bai ji daɗi ba ya je ya hura tayarsa da baki.

Kada kuma a zaci murna zalla aka yi ran Asabar ɗin. Tsohon ya shiga ranar da abu ɗaya tsaye a ransa. Akwai wata kalma da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa wa direbobi suna bi, bai kuma sani ba ko za su ci gaba da bin ta idan daga bakin 'yarsa ta fito.

Kalmar ce ma ta cinye sunansa. Je ka gareji ka tambayi Tiyamiyu, za a yi ta kallon ka. Amma ka ce Baba Padawa, har mai sayar da rake zai nuna maka rumfar. Pada wa, wato dawo da Yarabanci.

Ga yadda abin yake. Idan ya gama faci zai mayar da taya, ba ya ɗora ta kai tsaye. Sai ya sa buroshin waya ya kankare fuskar ƙarfen da tayar za ta zauna a kai, har sai babu tsatsa babu busasshiyar laka. Ya ɗora, ya kama kowane noti da yatsu tukuna, sannan ya ɗaure da sifana, ba bi da bi ba, wannan sai wanda ke daura da shi. Ya sauke jak, ya sake bi. Ya zaro allin nan ya ja layi a kan kowane noti. A nan ne direba zai ɗauka an gama, har ya fara kiran fasinja. Sai Baba ya nuna hanya da haɓa ya ce, "Je ka ɗorawa. Pada wa."

Bishiyar ɗorawar tana wajen gari, mil biyu, bayan gangaren nan mai gargada da ke girgiza hanjin mutum. Sai mota ta je da kayanta ta sha girgiza ta dawo, ya duba layukan alli, ya sake ɗora sifana a kan kowane noti, sannan ya yi sallama da mai ita. A cewarsa, taya ba ta gama zama sai ta ɗauki nauyi ta taka hanya.

Direbobin Saki kuwa ba waliyyai ba ne, sun gwada duk wata dabara. Akwai wanda ya tafi, minti biyar ya dawo yana share gumin ƙarya.

"Har ka kai?" in ji Baba.

"Na kai, Baba, wallahi. Har na ga ɗorawar ta yi fure."

Baba ya ɗora bayan hannu a kan tayar, ya ɗan jima. "Tayar nan sanyi ƙalau kamar randa. Bayan makarantar can ka laɓe, ko? Ɗorawa kuma sai nan da wata uku za ta yi fure. Koma ka gaishe ta da kyau."

Baba Busari ya yi dariya har 'ya'yan dara suka zube. Direban ya koma, kunnuwa a sanyaye.

Wanda bai sani ba zai ce tsabar fi'ili ne. Amma asalin abin yana zaune a kan tayar tirela yana jan ƙafa, kuma shi da kansa yake ba da labarin ga duk fasinjan da ya zauna jira. Lokacin Tiyamiyu bai fi wata uku da gama koyon sana'a da samun 'yanci daga wurin ubangidansa ba. Busari na jan babbar mota, ya yi lodin tukwanen ƙarfe za shi Ibadan, ya biyo ta wurin ƙaninsa a canza masa tayar baya. Damina ce, laka ta bushe a jikin ƙarfen. Busari na ta danna ham, Tiyamiyu na so yayansa ya ga saurin hannunsa. Ya ɗora tayar a kan lakar, ya ɗaure iya ƙarfinsa. A hanya lakar ta marmashe, notuna suka saki.

"Ina cikin gangara," in ji Baba Busari, "sai na ga wata taya ta wuce ni a guje. Na ce kai, wane sakarai ne ya saki tayarsa a titi? Ban rufe baki ba na ji mota ta durƙusa. Ashe ni ne sakaran!"

Fasinja su yi dariya. Baba Tiyamiyu bai taɓa dariyar labarin nan ba, ko sau ɗaya. Motar ta kwanta a kan ƙafar yayansa, kuma Busari bai sake riƙe sitiyari ba. Bai zagi ƙaninsa ba, bai kai ƙara wurin dangi ba. Da ya tashi daga jinya sai ya ɗauki allon dara ya zo rumfar ya zauna. Kowace safiya Tiyamiyu na ganin ƙafar nan tana tahowa, kuma tun daga ranar babu tayar da ya ɗaure da ta sake ficewa daga jikin mota a hanya.

Da farko ba kowa ke dawowa ba. Wanda ya sa dawowar ta zama doka, ba da son ransa ba, shi ne Kamoru. Yau Kamoru babban mutum ne a gareji, in ya yi tari matasan direbobi sai su ce sannu. Amma shekara goma sha tara da suka wuce saurayi ne mai zafin kai, yana jan bas mai cin mutum goma sha takwas, yana jin hanya tasa ce. Iya Abeke mai daddawa tana cikin motar ranar, daga bakinta muka ji.

Mata ne cike da motar, da buhunan garin amala a sama, za su Ibadan. Baba ya canza tayar gaba, ya ja alli, ya ce pada wa. Kamoru ya ce to. Da suka kai ɗorawa ko rage gudu bai yi ba.

"Na ce masa, ɗan nan, ba an ce ka koma ba?" in ji Iya Abeke. "Ya ce, 'Iya, in kina son komawa in sauke ki ki taka.' Haka fa ya ce da ni, ɗan da na san ranar sunansa!"

Sun tsaya a Ago-Are ɗaukar kaya sai ga ƙarar babur. Baba ne, sifana ɗaure a baya, hula ta faɗi a hanya bai tsaya ɗauka ba. Ya durƙusa gaban tayar, ya duba, layukan alli uku sun karkace. Ya kama noti ɗaya da yatsu biyu kawai, ya murza, ya fito. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ashe wilin ya ɗan lotsa tun da, shi ya hana tayar zama daidai.

Iya Abeke ta ce ba ta san lokacin da ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure a ƙugu ba, sauran matan ma haka. Kowa a ƙasar nan ya san in mace ta yi wannan, magana ta ƙare sai abin da hali ya yi. Kamoru ya ga babu mafita, ya zube rub da ciki a kan titi a gaban Baba, yana ta ba da haƙuri.

"Tashi, kada ka ɓata rigarka," in ji Baba. "Ni ba kai na biyo ba. Tayata na biyo."

Ya kwance ta, ya sa tayar ajiya, ya hau babur ya koma rumfarsa inda wata mota ke jiran sa a kan jak. Kafin matan su dawo daga Ibadan labari ya cika gari. Daga ranar duk direban da aka ce wa pada wa ya san in bai dawo ba tsoho zai biyo shi, a gaban fasinjansa.

Baba, kai ne ba ka taɓa bari mai babbar mota ya tsallake mai amalanke a layi ba. Mun ga ranar da wani mai ji da kansa ya aiko direbansa da cewa sauri yake yi, ka ce a gaya masa akwai benci da ruwan sha. Ya jira, bai mutu ba. Kai ne in taya ta tsage a gefe kake cewa ba ta facuwa, ko da mai ita zai yi fushi ya tsallaka titi inda za a liƙe masa. Sau nawa suka tsallaka, sau nawa suka dawo suna tura mota? Ƙusar da ka ciro kuma sai ka damƙa wa mai motar a tafin hannu, don ya ga da idonsa ba ƙirƙirar huji ka yi ba. Akwai matan da suka kai asibitin haihuwa a kan tayarka, akwai ɗaliban da suka kai ɗakin jarrabawa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya san akwai hannunka a isarsa. Wanda ya isa lafiya ba ya tambayar wa ya ɗaure noti.

To me ya sa mutum irin wannan zai ajiye aiki, alhali idonsa garau? Shi ma a gaban jama'a ya faru. Wata biyu da suka wuce ya ɗaure tayar wata akori-kura mai lodin doya. Ya ja sifana har ya ji a kafaɗarsa cewa ta kai. Motar ta je ɗorawa ta dawo. Ya duba, layuka biyu sun goce, ba ɗan gocewar nan da aka saba gani ba. Ya ɗora sifana, notin ya bi shi kamar ba a taɓa ɗaure shi ba. Ya kwance tayar gaba ɗaya, ya duba wili, ya duba ƙarfe, komai lafiya lau. Sai ya tsaya yana kallon hannunsa na dama. Ya daɗe da lura yatsunsa na yin sanyi da safe, kofin shayi na ɗan rawa. Amma bai zaci hannun zai ce masa ya ɗaure alhali bai ɗaure ba.

Direban yana can yana cin ƙosai, bai ga komai ba. Da Baba ya ja bakinsa ya ɗaure, babu mai sani har abada. Sai ya kira shi.

"Zo ka gani. Ba motarka ba ce, hannuna ne. Silifa, zo ki sake ɗaure wannan."

Da motar ta tafi, Baba Busari ya ce, "Kai kuma mene ne na shela? Ba ga shi ɗorawa ta kama ba? Ai amfaninta ke nan."

"Egbon, yayana, yau ta kama. Ranar da mai motar zai wuce bai dawo ba fa? Wannan hannun ba ya riƙe kan babur yanzu, balle in bi shi." Ya dubi ƙafar yayansa, ya kawar da kai. "Guda ɗaya ta ishe ni."

Baba Busari ya tattara 'ya'yan dararsa ya zuba a aljihu.

Silifa ba baƙuwar rumfar ba ce. Shekararta talatin da shida, 'ya'yanta uku, kuma shekara goma sha biyar ke nan tana aiki kafaɗa da kafaɗa da ubanta. Tayar tirela ba ta ba ta tsoro. Amma duk tsawon lokacin nan, ko ita ta ɗaure, Baba ne ke nuna hanya ya faɗi kalmar. Direbobi furfurarsa suke jin kunya, da kuma babur ɗin nan. Ga shi an buɗe sabon shago a tsallake mai bindigar iska ta ɗaure noti, fit fit fit an ɗaure, babu ɗorawa babu dawowa.

Kamoru ne ya faɗi abin da ke bakin kowa, a rumfar, a gaban Silifa.

"Baba, ku yi haƙuri, gaskiya zan faɗa. Ku muke dawowa dominku. Silifa fa a kafaɗa na sha ɗaukar ta. Yanzu ta ce mini pada wa, in juyo da mutum goma sha takwas? Yaran gareji sai su yi mini waƙa."

"Boda Kamoru," in ji Silifa, yadda ake kiran wanda ya girme ka, ba ta ko ɗago daga robar da take gogewa ba, "lokacin da kuke ɗaukata a kafaɗa, tayar ma ku kuke ɗaure wa kanku?"

"Kun ji ko? Bakin nan ne ma zai kori mutane."

An yi dariya, amma Baba bai yi ba. Ya san garejin nan. In Kamoru ya wuce ɗorawa sau ɗaya babu abin da ya faru, washegari kowa zai wuce. Wata ɗaya, wata biyu, sai wata rana wata taya ta wuce wani a gangare. Ya rasa yadda zai yi, domin kunya ba a gadar da ita kamar sifana.

Ran Asabar aka kafa rumfuna biyu a gefen tasa. Matan unguwa suka tuƙa amala da miyar wake, direbobi suka kawo makaɗi ɗaya. Aka sa wa Baba sabuwar riga, aka zaunar da shi a kujera mai hannu, ya zauna a takure kamar wanda aka kawo asibiti. Ana cikin ci sai ga bas ɗin Kamoru tana tafe a karkace, tayar gaba ta dama a kwance. Cike take da mata 'yan anko, za su bikin suna Iseyin, kuma sun riga sun makara.

Baba ya yunƙura zai tashi, yayansa ya riƙe masa gefen riga. Silifa ta ajiye kwanonta ta wanke hannu. Ta ɗaga motar, ta ciro ƙusa ta damƙa wa Kamoru a tafi. Ta yi faci, ta kankare ƙarfe, ta kama notuna da yatsu, ta ɗaure wannan sai na daura da shi. 'Yan anko na ta duba agogo suna tsaki. Ta sauke jak, ta sake bi. Sannan ta zo gaban ubanta ta durƙusa ta miƙa hannu. Ya zaro allin daga bayan kunnensa ya ba ta.

Ta ja layukan, ta miƙe ta nuna hanya da haɓa.

"Boda Kamoru, ɗorawa. Pada wa."

Kamoru ya dubi Baba. Baba ya dubi ƙasa, domin ya yi wa kansa alkawari ba zai sa baki ba. Kamoru bai ce to ba, bai ce a'a ba, ya ja mota ya tafi.

Zuwa ɗorawa da dawowa kwata ne, minti goma sha biyar, kowa ya sani. Kwata ta cika. Makaɗi ya ci gaba da kiɗa, amma babu mai rawa. Minti ashirin. Wani matashin direba ya ce a hankali, "Oga ya wuce," wani ya yi masa harara. Da aka kusa rabin awa makaɗin ya rataye gangarsa.

Baba Tiyamiyu ya zuba wa titi ido. Ba fushi yake da Kamoru ba, tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar tukwanen ƙarfe. Mata goma sha takwas a kan tayar da ba a sake dubawa ba, daga rumfarsa, a ranarsa ta ƙarshe. Ya waiwaya inda babur ɗin ke jingine. Ya dubi hannunsa, yana rawa a kan sabuwar riga. Duk da haka ya dafa kujera zai miƙe.

Bai kai ga miƙewa ba ya ji an buga babur. Bugu ɗaya, bugu biyu, a na uku ya tashi. Silifa ce a kai. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure a ƙugu, sifana a baya. Ba ta nemi izini ba, ba ta ko kalli ubanta ba, ta hau titi.

Baba ya koma ya zauna a hankali. Baba Busari ya leƙa fuskarsa ya ce, "Kai, kuka kake yi a gaban mutane?"

"Hayaƙin babur ne, Egbon."

"Babur ɗin da ya kai gangare?"

Abin da ya faru a can, 'yan anko ne suka ba mu labari. Kamoru bai wuce ba. Da ya kai ɗorawa sai ya faka a inuwa, ya kashe mota, ya fito ya zauna a kan saiwa yana cin goro. Matan suka yi masa ca, ya ce mota ce ta yi zafi. Suna cikin zaginsa suka ji ƙarar babur. Suka ce da ya hango ta tafe, ɗankwali a ƙugu, sai ya tashi tsaye ya cire hula.

"Na ce bari in gani," ya ce da ita, "in na ƙi dawowa, akwai mai biyo tayar? To na gani. Ga ta nan, duba abinki mu wuce."

"A nan?" in ji Silifa. "Ni cewa na yi ku dawo, ban ce ku tsaya ku jira ni ba. Ku juya."

"Silifa, matan nan sun makara."

"Ku kuka makarar da su. Ku juya."

Wata tsohuwa daga cikin motar ta ce, "Juya mana, ɗan nema! Jaririn ba gudu zai yi ba."

Haka muka hango su, babur a gaba, bas na biye a hankali kamar akuyar da aka kamo daga gonar mutane. Makaɗi ya sauko da gangarsa ya hau kiɗa. Silifa ba ta kula kowa ba. Ta ɗora bayan hannu a kan tayar, ta duba alli, ta bi notunan da sifana. Na huɗu ya ɗan motsa. Ta ɗago ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji, "Ɗaya ya motsa. Yanzu ya zauna." Sannan ta ce da matan su sauka lafiya.

Kamoru ya juya ga matasan direbobin da suka kewaye motar. "Kun dai gani. Duk wanda ya ga zai iya tsere wa wannan, ga hanya nan." Ya russuna kaɗan. "Oga Silifa, mun gode."

Baba, ba mu da lambar girma da za mu rataya maka, kuma mun san da an ba ka, a ƙarƙashin jak za ka sa ta don kada ya nutse. Abin da muke da shi godiya ce. Mun gode da mil huɗun nan da ka yi ta tilasta mana muna gunaguni. Mun gode da ranar da ka bi taya har Ago-Are babu hula. Mun fi gode maka da ranar da ka kira mai doya ka ce hannunka ne, domin mun san mutane da yawa, manya da ƙanana, da hannunsu ya daɗe da saki amma suna nan riƙe da sifana. Allah ya ba hannun nan hutu da lafiya, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu sana'a, tela da magini da mai haɗa wayar wuta, har da masu zama a ofis, kowa ya nemi ɗorawarsa. In ka gama aiki ka bar shi ya ɗauki nauyi, ka sake dubawa, in ya motsa ka faɗa da bakinka. Mu masu mota kuma, in an ce mu dawo, mu dawo.

Da la'asar aka watse. Baba ya ɗauki tsintsiya don sabo, Silifa ta karɓe. Ya tsaya ya dubi bahon ruwa, ya dubi buhun sifanoni, ya shafa bayan kunnensa ya ji babu komai. Yayansa ya ce shi kam gobe yana nan a kan tayarsa, ba shi aka yi wa ritaya ba. Suka kama hanyar gida su biyu, ɗaya na jan ƙafa, ɗaya na riƙe masa allon dara.

Sun ɗan yi nisa Silifa ta ɗaga murya ta kira ubanta.

"Baami!"

Ya waiwayo. Tana tsaye a bakin rumfar, alli a bayan kunne.

"Pada wa."

Shekara arba'in da ɗaya yana faɗa wa mutane kalmar nan, babu wanda ya taɓa faɗa masa. Sannan ya ɗaga hannun nan mai rawa, ya amsa yadda ya so kowane direba ya amsa masa.

"To. Zan dawo."